Ƙarshen Fim ɗin Baba

Al Qusais, ƙarfe 5:20

Muna idar da sallar asuba na sa Baba a mota muka nufi Hatta, tafiyar kusan kilomita ɗari da talatin. Duba ido ya kawo shi Dubai, amma tunda ya ga hoton duwatsun Hatta ya kafe cewa a can aka yi fim ɗinsa. Fim ɗin kaboyi ne da ya gani a silima a Kano yana saurayi. Shekara arba'in yana ba mu labarinsa, har yadda jarumin ya auri matar da ya ceta ya kama noma. Da ƙyar na samo shi na zuba a waya, na kuma kalla a ɓoye. Ba aure, ba noma! Na ƙagu in ga idon Baba.

Kan hanya, 6:15

Muka tsaya shan shayi, kofi dirhami ɗaya. Na ce, "Baba, ka san Italiyawa ne suka yi shi? Ba su taka Amurka ba, balle Hatta."

"Masu takalman nan? Shi ya sa! Kaboyin Amurka kamar ango, riga a goge. Wannan kuwa ga gumi ga ƙuda, shi kansa jarumin ba na kirki ba ne can. Ba surutu. A yi tsit, a nuno ido, a yi fito, kafin ka ƙifta mutum uku sun faɗi."

Hatta, 7:40

Muka samu inuwa a bakin dam na kunna. Bakin 'yan wasan daban, maganar daban, amma wallahi fim ne. Baba na riga su faɗin komai. Saura minti goma sai ya daina riga su, ya hau jan carbi. Nan dariyar da na tanada ta gudu.

"Baba, caji ya ƙare."

"Ƙarya kake, Nasiru, ga shi nan cike." Mai ciwon ido ke nan! Ya nisa. "Ranar nan aka tsuge da ruwa, silimar ba rufi, muka watse. Ban taɓa ganin ƙarshen ba. Bar shi ya ci gaba."

Muka kalla. Jarumin ya hau doki ya yi gaba, ko sallama babu.

"Haka kawai ya bar ta?"

"Haka, Baba."

"To. Italiyawa sun iya farawa, ƙarasawa ce ba su iya ba."

Al Qusais, 1:30

Mun iso lafiya, mun gode wa Allah. Ko takalmi ban cire ba ƙanwata Hadiza ta kira daga Kano, na buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Yaya, kun gani? Da gaske an yi auren?"

Baba ya zuba mini ido.

Na ce, "An yi mana. Har gonar aka nuna."