Gudu Zuwa Jana'izar Malam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya shimfiɗa ƙasa, ya kafe ta da duwatsu, ya buɗe hanyoyi a tsakaninsu domin bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin kwanakin da Allah ya ara mini akwai yini guda wanda ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Shi ne yinin da malaminmu ya rasu, na yi gudun da ban sake yin irinsa ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, ba nisa da Kaya, a gindin wasu duwatsu da suka tsare mana yamma. Ina da aboki wanda muka ɗauki karatu tare a zauren Malam tun muna samari, gidansu kuwa yana bayan duwatsun nan. Kullum bayan darasi nakan ce zan raka shi, rakiyar ta koma tsere. Mu naɗe wando, mu kama 'yar turbar da awaki suka fitar, mu hau, mu gangara, muna tsallake kwazazzabai, sabara na dukan ƙwaurinmu. A kan hanyar muke bitar abin da aka karantar da mu, ya ɗauko baiti yana haki, in ƙarasa masa. Ban san wani daɗi da ya kai na iskar da ke dukan ƙirjin mutum idan ya fito kan dutsen nan da damina ba, gero ya rufe ƙasa kore shar har iyakar ganinsa.

Daga baya girma ya zo. Kowa ya yi iyali, kowa ya buɗe zaurensa, furfura ta fara leƙowa a gemu. In za mu ziyarci juna sai mu hau babur mu zagaya ta hanyar mota, turbar duwatsu ta zama ta makiyaya.

Malam ya cika ne da hantsi, a tsakiyar damina, bayan wani ruwa mai ƙarfi. Babu wanda bai san wasiyyarsa ba, domin ya sha faɗinta a gaban jama'a: abokin nan nawa ne zai yi masa wanka, shi ne zai sallace shi. Aka tura mai babur ya ɗauko shi, bai jima ba ya dawo ya ce ruwa ya cinye kwalbatin hanya, ko da ƙafa ba a ƙetarewa. Wayar hannu kuwa a lokacin ba ta iso ƙauyukanmu ba. Limamin gari, dattijo mai sanin ya kamata, ya dubi gabas inda wani hadarin yake haɗuwa, ya ce an riga an haƙa kabari a ƙasa mai danshi, in ruwa ya sauko zai cika shi. Za a jira zuwa la'asar, amma ba za a wuce nan ba.

Samarin da ke wurin babu wanda ya san turbar har ƙarshenta. Na cire rawani da babbar riga na ajiye a zaure, na fita daga ni sai 'yar shara.

Hawan farko ya sanar da ni cewa jikin da na sani ba shi ne nake ɗauke da shi ba. Ƙirjina ya ɗauki wuta, gwiwoyina suka yi nauyi. Amma ƙafa ba ta manta ba. Ta san inda dutse yake da santsi, ta san tsohuwar kukar da ake karyawa dama a gindinta. A ƙasarmu wuce mutum ba gaisuwa abin kunya ne babba, balle ga wanda ake kira malami, sai ga shi ina wuce manoma a guje. Suna ɗagowa daga kan fartanya suna tambayar ko lafiya, ni kuwa abin da nake iya jefa musu kawai shi ne Malam ya cika. Sai in ji salatinsu yana biyo ni a baya.

Na iske abokina a gonarsa yana maimai, noma na biyu. Da ya hango ni sai ya dafa ƙugu yana dariya.

"Alaramma, wa ya koro ka haka? Da wanga tumbi naka har ka iya hawan dutse?"

Da na matso ya ga fuskata sai dariyar ta ɗauke. Ya ajiye fartanya a hankali, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, bai tambaye ni komai ba. Ko gida bai shiga ba. Muka tsaya a ƙorama muka yi alwala, muka juyo.

Rana ta riga ta karkata. Na tuna masa akwai yanke ta cikin fadama, wanda muke bi a da idan mun makara, ya fi hanyar kan dutse kusa nesa ba kusa ba. Muka gangara can a guje, dattawa biyu, ɗaya na tari ɗaya na nishi. Yana gaba yana ce mini in rage cin tuwon amarya, ni kuma na ce ya ji da numfashinsa. Mun yi dariya, Allah ya sani, hawaye na zuba muna dariya.

Da muka iso bakin fadamar sai muka ci birki. Turbar babu ita. Wani bawan Allah ya share wurin ya dasa shinkafa, tun daga gindin wannan dutse har zuwa gindin wancan, bai bar ko wurin taka ƙafa ba. Dashen sabo ne, bai gama kama ƙasa ba, yana tsaye cikin taɓo. Muka yi sallama a 'yar bukkar gonar, babu kowa. Can ƙetare kuwa muna hango kan rumbunan ƙauyenmu.

Na ce mu ratsa. Na kawo hujjojina kamar muna zaure: wannan hanyar jama'a ce tun asali, lalura ta kama mu, wasiyyar mamaci tana wuyanmu, gobe mu nemi mai gonar mu roƙe shi yafiya. Ya saurare ni yana kallon shinkafar, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin Malam ya taka kunyar wani, ko da gonar ɗansa ce. Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "To, ɗan'uwa, wanka da salla in ban isa ba akwai mai yi mishi. Wagga shinkafa in mun tattake ta, wa zai tashe ta?"

Bai jira amsata ba ya juya. Muka koma baya, muka kama hawan dutse daga tushe. Wannan hawan ba na iya siffanta shi. Takalminsa ya tsinke ya yar da shi, ya ci gaba da ƙafa a kan tsakuwa. Iska ta fara kaɗawa da sanyin ruwa a cikinta, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Da muka fito kan dutsen sai muka ga abin da muke tsoro. Can ƙasa, a filin bayan gari, jama'a sun yi sahu, an ajiye makara a gaba, liman ya tsaya. Iska ta kawo mana kabbarar farko daga bakin mai isarwa. Abokina ya tsaya cak. Ya gyara tsayuwarsa ya fuskanci gabas, na tsaya a gefensa. Muna bayan liman, muna ganin sahu, muna jin kabbara, sai muka yi niyya muka bi su daga inda muke. Muna nan kafaɗa da kafaɗa har aka sallame.

Sannan muka gangara. Mun iso ana shirin saka Malam a makwancinsa, yayyafi ya fara sauka. Liman ya ga abokina, taɓo har gwiwa, ƙafarsa na jini, ya ɗaga wa mutane hannu suka buɗe masa. Shi ya shiga kabarin, shi ya karɓi Malam, ya kwantar da shi a kan damarsa, ya jera itace. Liman ya so ba shi haƙuri, ya ce babu abin ba da haƙuri, abin da ya dace aka yi.

Kada mai karatu ya zaci abin bai dame shi ba. Har ƙarshen rayuwarsa in aka ambaci wasiyyar nan sai ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika. Amma ban taɓa jin ya ce da ma mun ratsa ba. Mai gonar kuwa har yau ban san ko wane ne ba, shi ma bai san abin da aka yi a bakin gonarsa ba.

Abokina ya riga ni komawa ga Allah. Ni kuma rashin zaman lafiyar da ya sami dazuzzukanmu ya dawo da ni Talata Mafara da iyalina. An ce turbar ta rufe, ko makiyayi ba ya binta. Wani lokaci bayan an ɗauke ruwa nakan sa a fitar mini da tabarma in zauna ina fuskantar wajen garinmu, in ji kamar in tashi in kama hanya, sai gwiwa ta tuna mini shekaruna.

Ta fuskar hukunci, har yanzu ina ganin hujjata tana da ƙafar tsayawa. Amma na koyi abin da babu shi a cikin hujjar: cika wa malami alkawari ya fi ƙarfin tsayawa a kan gawarsa, yana cikin riƙe halinsa a wurin da babu mai ganinka, ko da riƙon zai raba ka da abin da ka fi so.

Allah ya jiƙan Malam da abokina, ya haɗa mu a gidan da babu rabuwa. Ya dawo da aminci a hanyoyinmu. Kai kuma mai karatu, Allah ya sanya albarka a gare ka da iyalinka, ya tsare ƙafafunku daga taka haƙƙin bayinsa. Amin.