Allurar da Yaya Sabo Ya Ƙi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, amma har yau in na ji ƙamshin kanumfari sai gabana ya faɗi.

Manomi ne a ƙauyenmu, gefen Tsanyawa, mutumin da kan riƙe bijimi ta ƙaho har sai ya durƙusa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: allurar da ake yi a dasashi kafin a cire haƙori. An taɓa yi masa yana saurayi, ya ce har cikin idonsa ya ji ta. Tun daga ranar ya rantse ba za a sake yi masa ba.

Da haƙori ya tasa shi gaba wata damina, sai ya riƙa cusa kanumfari. Kunci ya kumbura, ya ce sanyi ne. Na ce, "Yaya, tashi mu tafi Kano." Ya ce, "Bari a gama maimai." Aka gama maimai. Kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, murya ta shaƙe, ko yawu ba ya haɗiyuwa. Ranar da ya yarda, a kwance muka sa shi a bas. Likita ya ce ruɓar ta kai ga hanyar numfashi. Bai dawo gida da rai ba. Allah ya jiƙansa.

Bana ni ma haƙori ya kai ni wani asibiti a birni. Likitar ta ɗauko wani abu kamar biro, haɗe da ƙaramar na'ura. Ta ce ita ma allura ce, sai dai kwamfuta ce ke sakin maganin kashe zafi sannu a hankali, don yawancin zafin daga tura ruwan da ƙarfi yake zuwa. Ɗan tsikari kawai na ji. Hawaye suka zubo min, ta ɗauka ciwo ne.

Da Yaya na nan, me zai ce? Na san halinsa. Wataƙila ya girgiza kai ya ce allura dai allura ce. Na'urar ma ba ta iso ƙauye ba.

Ya bar gona, ya bar sunan kirki, ya kuma bar tsoron nan a gidansa. Ranar kasuwar da ta wuce muna cin tuwo da babban ɗansa, Auwalu, na lura da gefe ɗaya yake tauna. Na ba shi labarin na'urar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Baffa, Allah ya kai mu." Sai ya ture kwanon, ko rabi bai ci ba.