Tsokar da Baba Ya Ƙi Warewa

Shekara tara ke nan da muka kai mahaifina, Idi Mahauci, makwancinsa a Dungas. Ni na gaji rumfarsa da wuƙaƙensa, har da taurin kansa, in ji masu faɗa.

Ga wanda bai san fawa irin tamu ba, in an yanka sa ranar kasuwa, tsibi-tsibi ake kasa naman. Kowane tsibi da 'yar tsokarsa, da kitse, da ƙashi, da ɗan tumbi. Matar da ta tako daga ƙauye don ƙaramin tsibi ɗaya, ita ma miyarta za ta ga tsoka.

Da aka mai da Dungas departama, wato cibiyar mulkin yanki, ma'aikata suka cika gari, sai muka fara jin wata kalma, wai bifitek. Tsoka ce zalla ta gadon baya ko ta cinya, a yanka ta da faɗi kamar tafin hannu, ba ƙashi ba jijiya, a soya. Rannan kukun wani babban ma'aikaci ya zo ya ce a ware masa gadon bayan san gaba ɗaya. Baba ko kai bai ɗago ba.

"Ka ce wa maigidanka sa guda ne. In na ba shi tsokar, wa zan ba ƙashin? Ya sayi tsibi goma ya tsince abinsa, ban hana ba."

Cinikin ya koma rumfar maƙwabci. Na ji haushin Baba ranar, ba zan ɓoye ba.

Da zai leƙo yau, na san tsakin da zai ja. Har ɗan kabu-kabu ya iya cewa bifitek, tsibin talaka kuwa a rumfuna da yawa ya koma ƙashi da jijiya.

Watan jiya wani mai gidan abinci ya zo daga Magariya, ya ce zai riƙa kwashe tsokar duk san da na yanka. Damina ba ta yi kyau ba, ga iyali cike da gida. Kwana uku ina juya maganar a raina. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce masa a'a.

Ban san ko rumfar za ta kai baɗi ba. Allah ya jiƙan Baba. Gara a ce ɗan Idi ya karye, da a ce ya sayar wa uwar marayu ƙashi da sunan nama.