Malam Armiya'u, Wanda Ya Koya wa Roba-roba Tsallake Yashi

Da an sallame sallar asuba, Malam Armiya'u ba ya komawa gida. Daga masallaci yake miƙewa zuwa rumfarsa ta kwano da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda. Ya share wurin, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni a kai, sannan ya zauna bisa tsohuwar taya yana jira. In an kawo mashin, ba ya tambayar mai shi abin da ya same shi. Sai ya ce, "Tada shi in ji." Ya sunkuyar da kai, ya kasa kunne, domin idanunsa sun soma ja da baya. A ƙarshen daminar nan zai ajiye aikin, shi ya sa ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana tsakaninmu.

Bakanike ne na ƙananan mashina, irin waɗanda muke kira roba-roba. An ƙera su ne don kwalta, a je kasuwa a dawo. Amma da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka, motoci suka daina shiga ƙauyuka, babban mashin kuma ya zama abin da ake kashe mutum a kansa. Malaman firamare da ma'aikatan lafiya ba abin da ya rage musu sai roba-roba, ita kuwa da ta shiga yashi sai ta shaƙe.

Ɗansa na fari, Kamaluddeen, malami ne a wata firamare ta wajen Sakajiki. Wata safiya yana hanyar makaranta tare da wani abokin aikinsa, kowa da abin hawansa, suka hango mutanen daji sun ɓullo daga cikin dawa. Suka juya. Na abokin babba ne, ya tsallake yashin rafi ya tsira. Roba-robar Kamaluddeen ta nutse a tsakiyar yashin, ta mutu. Kafin azahar aka kawo gawarsa. Mashin ɗin ma ba su ɗauka ba, sun raina shi.

Bayan an share makoki, Malam Armiya'u ya sa aka turo masa mashin ɗin rumfa. Maƙwabtansa na sana'a sun ce ya daɗe yana kallonsa bai taɓa shi ba. Daga baya ya kwance injin gaba ɗaya. Ya faɗaɗa ramin da fistan ke kaiwa da komowa, ya sa fistan mafi girma da sabon ringi. Ya canza kafireta da wadda ta fi ba inji mai da iska, ya buɗe salansa kaɗan don hayaƙi ya samu hanya. A tayar baya ya sa haƙoran sarƙa masu faɗi, domin ja yake nema, ba gudun banza ba. Da ya haɗa, ya hau shi da kansa, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Wani manomi ne ya gan shi a bakin rafin nan. Ya ce dattijon ya murɗa totur, mashin ya ratsa yashin har ya haura gaɓa. Can sai ya kashe shi, ya sauka, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Mashin ɗin bai sayar ba. Malama Saudat ya ba, ungozomar da ke zagaya ƙauyukan Zurmi, wadda nata ya gaji. Ita ta ba da labarin ranar da aka kira ta wani ƙauye kusa da Gurbin Ɓore, wata mata mai suna Bara'atu tana naƙuda, jini ya ɓalle mata. Babu mota, mazan ƙauyen kuma babu mai iya fita. Saudat ta ɗora ta a baya, ta ɗaure ta a jikinta da zane, suka bi hanyar daji zuwa Zurmi. "Duk yashin da munka shiga ina jiran in ji ya mutu," in ji ta. "Bai mutu ba." Jaririn bai zo da rai ba. Bara'atu tana nan, tana renon sauran 'ya'yanta.

Daga nan aiki ya yi ta zuwa, daga Shinkafi, daga Zurmi, daga ƙauyukan da ke tsakani. Ba kowa yake yi wa ba. Samarin da ke son ƙarfi don wasan mashin a wurin biki, kora yake yi musu. Wanda kuma ya karɓa, sai ya gyara masa birki ko bai roƙa ba.

Sai abin da ya fi tsoro ya faru. Wani mai allurar dabbobi a Galadi, Abbati, wanda Malam Armiya'u ya ƙara wa mashin ɗinsa ƙarfi, aka tare shi, aka yi masa dukan da har yau yake ɗingishi, aka ƙwace mashin ɗin. Wannan karon ba su raina shi ba. Daga baya wasu da suka kuɓuto daga daji suka ce sun ga wata roba-roba mai ƙarfin gaske tana kai wa ɓarayin abinci da man fetur. Da labarin ya iso, Malam Armiya'u ya tattara sifanoninsa cikin buhu, ya rufe rumfa.

Saudat ce ta same shi a zauren gidansa, ta turo mashin har ƙofa yana tari da hayaƙi.

"Baba, ringi ya ci. Gobe ina da mata a ƙauye."

"Ɗiyata, ki kai wurin wani. Hannun ga nawa ya yi wa waɗanda sunka kashe mani ɗa aiki."

"Sata sunka yi, Baba, ba kai ka ba su ba."

"Ko mi anka kira shi, aikina na ka kai masu tuwo."

Ta ce, "To, ni dai gobe sai na tafi, da ringi ko babu. In ya mutu mani cikin yashi, shi ke nan."

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da buhun sifanonin. Daga ranar ya koma bakin aiki.

Malam Armiya'u, kai ne ka binne ɗanka, ka dawo ka tsugunna gaban abin da ya kasa tsirar da shi, don kada wani uban ya ji abin da ka ji. Ba ka kawo mana zaman lafiya ba, ba a hannunka yake ba. Har yanzu ana tare hanya, har yanzu akwai waɗanda ka gyara wa mashin da ba su dawo ba, kuma ka san sunayensu. Amma akwai ajin da aka buɗe, akwai matar da aka kai asibiti da sauran numfashi, saboda abin da yatsunka suka ɗaure. Gwanin roba-roba, mun gode. Allah Ya jiƙan Kamaluddeen, Ya ba idanunka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ga kanikawanmu matasa, ku je ku zauna kusa da shi kafin damina ta ɗauke. Ku koyi yadda ake haɗa injin, ku kuma koyi duban fuskar wanda za a haɗa wa. Mu sauran, kowa ya dubi ɗan abin da ke hannunsa, ya tambayi kansa wa zai tsallakar da shi.

Da aka tambaye shi abin da zai riƙa yi in ya rufe rumfa, ya shafa aljihun da wayarsa take. Ya ce, "Zama zan yi kusa da wagga. Waɗanda na gyara wa mashin suna kirana in sun isa lafiya. Ranar da ba ta yi ƙara ba, ba ni iya cin abinci."