Farin ɗigo a kan giyar inji

Idon Mikiya ake ce masa a bakin ruwa, don ya tsufa yana gyaran injin jirage bai taɓa sa tabarau ba. Yakan ce tabarau na masu zaman ofis ne. Rumfarsa ta kwano ce, da benci ɗaya da man inji ya rina. A nan ya yi aiki da ɗansa har Allah ya karɓi ran ɗan nasa bara, bayan gajeriyar jinya.

Aikin da ya fi alfahari da shi canjin sarƙar tayimin ne, sarƙar da ke haɗa giyar sama da ta ƙasa don bawul da fistin su tafi tare. Kowace giya, wato faifan ƙarfe mai haƙora, tana da ɗan ɗigo, kuma sai ɗigon ya zauna daidai da alamarsa kafin a ɗora sarƙa. Haƙori ɗaya aka kuskure, inji ya ƙi.

Wata safiya wani mai jirgin fito ya kira shi kan wani inji da ya sayo kwanan nan, sarƙarsa ta saki. Idon Mikiya ya cire murfi, ya zare tsohuwar, ya goge giyoyin, ya nemi farin ɗigon da ya saba gani. Babu. Ya kanne ido, ya laluba da farce. Fasinjoji na zaune da kayansu suna kallo, ya ji nauyin tambaya, sai ya ɗora sarƙar da ka.

Aka tayar da inji, ya yi tari, ya buga kamar bindiga, ya mutu.

"Baba, fito za mu yi ko yaƙi?" in ji wata mai kwando. Aka kwashe da dariya.

"Rowar kamfani ce," in ji Idon Mikiya. "Ko farin ɗigo ba su sa ba."

Mai jirgin ya sunkuyo, ya rage murya. "Baba, ai babu kamfanin da ke sa fari. Marigayi ɗanka ne yake ɗiga farin fenti a kan ɗigon da tsinken ashana in ka juya baya. Ya roƙe mu kada mu faɗa maka."

"Mu?"

"Duk masu jirage."

Tsohon ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya tuna yadda yake yi wa ɗan nasa faɗa kan ɓata lokaci a gindin inji, har a gaban mutane.

Ya taka zuwa rumfa, ya buɗe akwatin sifanun ɗan, wanda bai taɓa ba tun rasuwar. Ƙaramin gwangwanin fenti na can ƙasa, bakinsa ya bushe, cikinsa da saura. Ya dawo ya miƙa wa mai jirgin, da tsinken ashana, kansa a ƙasa.

"Ɗan nan," ya ce, "nemo mini ɗigon. Ba na gani."