Gwaggo da Gorarta ta Jifa

Jiya a kasuwar Ɗambatta na ji ƙanshin man zafi a jikin wata dattijuwa, sai Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

Ta buga wa ƙasar nan hoki, ƙwallon da ake korawa da sanda mai lanƙwasa, a can ma ta baro rabin haƙorinta na gaba. Da shekarun fari da tsada suka zo, aka rushe ƙungiyarsu, ta dawo ƙauye da jaka ɗaya. Amma ba ta zauna ba. Ta saro gora, ta fiƙe bakinta, ta shiga koyon jifan mashi a gonarmu bayan an yanke gero.

Wata safiya ina tsaye ina kallonta, Baba ya iso. "Ki haƙura haka nan," in ji shi. "Mutane suna cewa kin zautu."

Ta murza man nan a kafaɗa tana dariya. "Yaya, ƙungiya aka rushe. Hannuna yana nan."

Ta ja da baya, ta sheƙo a guje tsakanin kunyoyi, ta saki. Gorar ta yi fito a iska, ta je ta kafe a gindin kukar da ke iyakar gona. Baba ya taka har can yana ƙirga sawu, ya tuge ta, ya dawo ya miƙa mata. "Sake in gani."

Kafin shekara biyu tana wakiltar jiharmu, kuma shi ya raka ta tasha.

Allah ya haskaka makwancinki, Gwaggo, ya ba 'ya'yanmu mata irin zuciyarki.