Gyaɗar Iri da Rijiyar Kallo

Iya ba ta ba da tatsuniya a kyauta. Kakata ce, ita ta haifi babana, kuma duk yaran unguwarmu a Malikanchi sun san halinta. Idan bazara ta yi nisa, aka fara hango hadari ta gabas, sai ta sa a fito mata da gyaɗar iri daga rumbu. Ana idar da isha'i za ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, inda garwashin tuwo bai gama mutuwa ba, ta zube gyaɗa a tabarma, ta miƙa wa kowa ƙoƙo. Gyaɗar iri da hannu ake ɓare ta, a hankali. In ƙwaya ta fashe ko fatarta ta saluɓe, ba za ta tsiro ba.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta," in ji Iya. "Wa zai ba ta wurin zama?"

Mu haɗa baki: "Ta zauna a nan!"

Sai ta fara. Amma kunnenta na kan hannuwanmu. Muddin tana jin ƙas-ƙas ɗin ɓawo, labari na tafiya. Da zarar daɗi ya kwashe mu mun saki baki, hannu ya tsaya, ita ma sai ta yi tsit, ko da kura ta wage baki za ta cafki mutum ne. Haka za ta bar kurar da baki a buɗe, ta ɗauko goronta ta shiga gogawa.

"Iya, sai me ya faru?"

"A ina? Ni na manta. Kai angona mai ƙaton kai, nuna mini ƙoƙonka. Da wannan za ka ciyar da ni in na tare?"

Ni ne angon. Sai yara su kwashe da dariya, hannuwa su koma aiki, kura ta samu damar rufe bakinta.

Wadda ta fi zama mini a kai ita ce ta Tanko. Manomi ne, ya tsinci wata tsohuwar rijiya a bayan gonarsa, ya leƙa ya ga ko da ruwa. Abin da ya gani a cikin ruwan, garin aljanu ne guda, ana kiɗa, ana kokawa, ƙarti na ɗaga juna sama. Bai taɓa ganin abu mai daɗin wannan ba. Ana dab da kayar da wani, sai ruwa ya yi duhu. Aka ce daga ƙasa, a zubo gyaɗa in ana son ci gaba. A nan Iya ke toshe hanci ta rera da muryar aljanu:

"Zubo, zubo, Tanko,
Kaɗan ya rage a ga mai faɗuwa."

Mu amsa da "Zubo!" muna watsa ɓawo a garwashi, wuta ta tashi fau.

Tanko ya dinga ɓare gyaɗar irinsa yana zuba musu ƙwaya zalla, don a ganinsa ba a ba manya ɓawo. Kullum kaɗan ya rage, kullum rumbu na yin ƙasa. Matarsa Lantana ta bi sawunsa ta kama shi ya yi rub da ciki a bakin rijiya. Ta zo da niyyar masifa, ta ce bari ta ga abin da ya haukata shi. Tana leƙawa, ita ma ta manta da kanta, har ɗankwalinta ya faɗa ciki ba ta sani ba. Da ta dawo hayyacinta sai ta koma gida ta kira maƙwabta, aka kwaso sauran gyaɗar, aka zagaye rijiyar. Ana kallo ana ɓara, ƙwaya a ƙoƙo, ɓawo a rijiya. Ashe aljanun nan ɓawon suke so tun farko, da shi suke hura wutar gasa fatar gangunansu. Ƙwayar da Tanko ke zuba musu shara ce a wurinsu.

Da ina yaro, abin da na ɗauka shi ne kada a leƙa rijiya. Haka na riƙe shi har furfura ta fito mini.

To bana ƙanena da ke tuƙin babbar mota ya zo gida ya kawo wa yarana babbar wayar nan mai faɗin allo, wadda suke kira tabulet. Ni na ga zamani iri-iri. Na ga rediyo, na ga bidiyo mai kaset a gidan kallo na Makarfi, na ga faifai, na ga lokacin da ake kai memori shago a tura fim. Amma wannan ta fi su duka iya shege. Ba kaset, ba zuwa shago. A sa mata data kawai, fim ya sauko daga iska, wani na ƙarewa wani ya hau kafin ka ce a'uzu.

Sai in dawo daga sharar gona a gajiye, ƙafa duk ƙaya, in yi sallama ba mai amsawa. 'Yata Rabi da ƙanenta Nasiru da sauran ƙanana sun haɗa kai a zaure, wai can sabis ya fi ƙarfi. Buhunan gyaɗar iri na jingine a bango, ba wanda ya taɓa su. Ga hadari kullum yana ƙara matsowa. Injin ɓarar gyaɗa ba ya yi mini, fasa ƙwaya yake yi. Ni da uwarsu kaɗai ba za mu gama ba, yatsuna sun riga sun sandare. In ruwan shuka ya sauka iri na cikin ɓawo, gyaɗar bana ta wuce ni, ba wani kwana-kwana.

Ran nan raina ya ɓaci. Na shiga zaure na fizge abar, na nufi rumbu zan kulle ta sai bayan damina. Rabi ta biyo ni tana yarfe hannu.

"Baba, don girman Allah! Kaɗan ya rage!"

Na tsaya cak. Kalmar aljanun rijiya ce, ba ragi ba ƙari, a bakin 'yata. Sai dariya ta kuɓuce mini. Yara suka ja da baya, sun zaci wani abu ya taɓa ni.

Na ce, "Ke, abin nan yana tsayawa in an ce ya tsaya?"

"Taɓa tsakiyarsa, Baba."

Na dangwala yatsa. Mutumin da ke ciki ya ƙame da baki a buɗe, hannu a sama. Wallahi kurar Iya na gani! Na sake taɓawa, ya ci gaba da ihu. Na taɓa, ya ƙame. Na yi ta yi ina ƙyaƙyata dariya, har uwar yaran ta leƙo daga madafa tana tambayar ko lafiya.

Bayan isha'i na sa aka kifa turmi a tsakar gida, aka ɗora tabulet aka tokare ta da dutse, an cika ta da caji a sola tun da rana. Nasiru ya haɗa 'yar sifika. Na zube gyaɗa a tabarma, na zauna kusa da turmi da yatsana a shirye.

"Kowa ya ɗau ƙoƙo. In na daina jin ƙas-ƙas, mutumin nan ya daina magana."

"Haba Baba, wannan ai mulkin soja ne," in ji Nasiru.

"Shi ne. Ɓare."

Jama'a, aiki ya tafi! Fim ne mai dogon zango, labarin wani direba da aka sace wa mota da kaya yana bin sawu gari-gari. In hannuwa sun yi sanyi in dangwala, tsakar gida ta kaure da "Wayyo Baba!", ɓawo ya shiga tashi. In sabis ya ɗauke, ɗan zoben nan ya kama juyi a allo, sai su ƙara sauri wai ko zai taimaka. Kashegari matan maƙwabta suka shigo da 'ya'yansu, kowa aka ba shi ƙoƙo.

Ni ma ban tsira ba. Ranar da direban ya hango motarsa a wata tasha an sake mata fenti, na miƙa wuya ina cewa ita ce, ita ce, kada ka yarda da ɓarawon nan! Sai na ji uwar yaran tana kira.

"Malam."

"Bari mana."

"Malam, iri kake ci."

Na duba, bakina cike da gyaɗa, ƙoƙona ya yi rabi. Har yau matan unguwa ba su bar ni na huta ba.

Sai yanzu na gane Iya ba ta taɓa cewa kallon babu daɗi ba. Lantana ba ta cike rijiyar da ƙasa ba, ba ta kuma hana kowa leƙawa ba. Zama ta sauya wa mutane, ta san abin da za a jefa ciki da abin da za a riƙe. Ba na ce tabulet ta kai Iya ba. Ba ta san wanda ke gyangyaɗi ba, ba ta iya zolayar kowa. Amma rabon da in ga gidana a tabarma guda, kowa na ihu a kan abu guda, na manta.

Muka ɗaure bakin buhun ƙarshe iska na kaɗa ganyen darbejiya, ƙamshin ƙasa na tasowa. Da asuba ruwa ya sauka, da hantsi muna gona muna binne iri. Direba kuwa bai karɓi motarsa ba tukuna, yara suna ta tambayar me za a ɓare yau. Ina alwalar magariba sai na ji ƙarar keke a ƙofar gida. Maƙwabcina Malam Idi ne, ya ɗauro buhu a baya, yana haki.

"Salamu alaikum. Ya ruwa? Ya iyali?" Ya share gumi, ya sassauta murya. "Ni tawa gyaɗar ko kwance bakin buhunta ban yi ba. An ce a gidanka yara ke roƙon a ba su aiki."

Na ce masa ya shigo da shi, amma ya sani shi ma ƙoƙo zai ɗauka.